Giyar da Baba Ya Ce Ta Mutu

Tromsø, farkon Afrilu

Baffa Ragnvald,

Gaisuwa mai yawa gare ka da Inna Aslaug. Ina fata sanyin bana ya sake muku gaɓoɓi, kuma tumaki sun fara haihuwa lafiya. Mu nan dusar ƙanƙara har yau tana bakin taga, ba ta da niyyar tafiya. Ni ƙalau nake, sai gajiyar aiki. Na san waya ba ta da amfani a wurinka tunda kunnuwan sun yi ritaya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Maganar ƙanenka ce. Tun ciwon da ya buge shi cikin hunturu Baba bai koma daidai ba. Yana gidan kula da tsofaffi a tsallaken gada, ina zuwa wurinsa in na tashi aiki. Wata rana ya gane ni, wata rana ya tambaye ni ko ni ce sabuwar ma'aikaciya. Abinci sai an yi da gaske yake karɓar cokali biyu. Likitarsa ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce in akwai abin da ransa ke so, a ba shi yanzu.

Abu ɗaya yake nema, kullum shi ne maganarsa: giyar gida. Ka san ni ma ina dafa tawa a ɗakin ajiyar mota, wadda kake kira lemun kwalba. Na kai masa, ya shinshina ya ture. "Ke yarinya, ta gida na ce." Na kai masa ta kanti, ko kallonta bai yi ba.

Baffa, ina roƙonka ka dafa masa. Na ba Steinar, maƙwabcin nan naku mai motar sanyi da ke ɗaukar kifi daga nan, ɗaya daga cikin tulunan ƙarfena ya kawo maka. A wanke yake, kuma in aka rufe marfinsa iska ba ta shiga. Ka cika shi, Steinar ya dawo da shi cikin sanyi. In ya iso zan bar shi ya huta har laka ta kwanta, sannan in haɗa shi da tukunyar gas, irin wanda ake sa wa lemun kwalba, in ba ta iska ta yi kumfa, yadda nake yi wa tawa.

Ban taɓa roƙonka komai ba sai wannan.

'Yarka,
Jorunn

*

Hornindal, ƙarshen Afrilu

Jorunn 'yata,

Mun ga takardarki, mun gode. Muna lafiya. Gwiwar Innarki tana nan tana ba mu labarin ruwan sama tun kafin ya zo. Tumaki sun haihu, ɗaya kawai muka rasa.

Na daɗe a zaune da takardar nan a hannu. Babanki Torleiv ya bar gidan nan yana ɗan shekara goma sha bakwai, ya bi jiragen kamun kifi zuwa arewa. Da ya auri mahaifiyarki, Allah ya ji ƙanta, ya shiga cikin mutanenta masu tsananin addini, bai ƙara kai giya baki ba. In ya zo ganin gida na miƙa masa akushi, sai ya ce in ba shi madara. Abin yana yi mini ciwo, ban dai taɓa faɗa ba. Yau shi ne ke nemanta.

Na dafa. Ni na je bakin rafi na yanko rassan itacen einer masu ƙamshi na dafa ruwan da su, ban bar kowa ya taɓa tsiron sha'ir ba. Yis ɗin da ke tayar da giyar kuwa tsohon irin gidanmu ne da muke kira kveik, wanda kakanki ya gada ya bar mana. Da zan zuba shi na kwarara ihu a bakin tukunya kamar yadda ake yi don korar aljanu, har Aslaug ta leƙo ta ce, "In aljanun ba su gudu ba, ni dai na gudu." Ranar da na juye ta maƙwabta sun zo ɗanɗanawa. Babu wanda ya ce uffan, kowa dai ya miƙo akushi a ƙara masa. Kin san mutanen kwarin nan, yabon ke nan.

Tulun naki na cika shi har wuya. Muninsa kamar bam, amma na yarda yana rufuwa. Na sa Steinar ya ɗaure shi a tsaye tsakanin buhuna don kada ya yi ta rawa a hanya, na ce ya bi da shi a hankali kamar mai ciki.

Yanzu ki ji ni da kyau. Wannan tukunyar gas taki kada ta kusanci giyata. Giyarmu ba ta tsalle, ba ta sa mutum gyatsa. A kwance take, mai kauri, haka ubanmu ya sha ta, haka ubansa. Ki bar ta ta huta a sanyi, ki ɗebo a hankali, ki zuba masa a akushin da na sa miki cikin kwali. Na babanmu ne, zai gane shi.

Ki rubuto mini abin da ya ce, kalma da kalma.

Baffanki,
Ragnvald

*

Tromsø, tsakiyar Mayu

Baffa,

Ina gaishe ku. Ku yi haƙuri da jinkirin amsa, aiki ne ya yi yawa. Ina fata gwiwar Inna da sauƙi.

Tulu ya iso lafiya, da sanyinsa. Steinar mutumin kirki ne, har ƙofar gida ya kawo mini shi a kafaɗa. Giyar ta yi kyau, ƙamshinta ya cika mini ɗaki. Na kai wa Baba, ya sha kaɗan. Ya riƙe akushin ya daɗe yana shafa bakinsa da yatsa. Jikin nasa dai sai a hankali.

Mun gode ƙwarai da wahalar da ka sha. Allah ya saka.

Jorunn

*

Hornindal, Mayu

Jorunn,

Muna lafiya, an gama shukar dankali.

Takardarki ta zo, na karanta, na juya bayanta ko akwai saura, babu. Kusan wata guda ina zuwa bakin akwatin wasiƙu kamar saurayi, abin da na samu shi ne Steinar mutumin kirki ne. Na san Steinar tun yana yawo ba wando, ba labarinsa na tambaye ki ba.

Na ce ki faɗa mini abin da Torleiv ya ce. Kin faɗa mini ƙamshi, kin faɗa mini akushi, kin tsallake maganar. Kunnena ne ya mutu, ba kaina ba. "Ya sha kaɗan." Mutumin da ya yi shekara sittin bai sha giyar gidan ubansa ba, ya roƙa, aka kawo, ba zai sha kaɗan ba sai in an taɓa ta.

Kin hura mata iskar nan, ko ba haka ba? Kin ga tsoho ne, can bayan duwatsu, ina zai sani. Aslaug ta ce in yaga takardar nan in rubuta wata mai sanyi, na ƙi. Raina ya ɓaci, kuma gara ki sani. Ba don sunana ba. Dama ɗaya ce yaron nan yake da ita, kin mayar masa da ita lemun kwalba.

Ragnvald

*

Tromsø, ƙarshen Mayu

Baffa,

Ina gaida Inna Aslaug, kuma da ka ji maganarta. Kai ma ina gaishe ka, ko da yake takardarka ta sa ni kuka a tsaye a bakin ƙofa.

Ban sa mata komai ba. Na bi maganarka kamar karatun coci. Na bar ta ta huta a firji har ta kwanta tas. Ko turo ta da gas ban yi ba, marfin na buɗe na ɗebo da ludayi na zuba a kwalba, na riƙe kwalbar a cinya cikin bas kamar mai ɗauke da ƙwai. Tunda kalma da kalma kake so, ga su.

Ya gane akushin, wannan gaskiya ne. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye. Sai ya dube ni ya ce, "Wa ya mutu?"

Na ce, "Babu kowa, Baba. Giyar gida ce, Baffa Ragnvald ya dafa maka."

Ya ce, "Ƙamshin nata ne. Amma wannan ta mutu. Tamu tana cizon hanci, tana gudu, sai ka bi ta da baki." Ya miƙo mini akushin ya juya fuska bango. Ranar ko ruwa bai ƙara karɓa ba.

Shi ne abin da na ɓoye maka. Na ɓoye ne don na san yadda ka sha wahala, kuma na ɗauka ciwon ne ke magana, kamar yadda yake kiran ma'aikaciya da sunan mahaifiyata. Ina gudun in karya maka zuciya, sai ga shi ka mayar da ni maƙaryaciya.

Abin da ya fi damuna, bai daina tambaya ba. Jiya ma ya ce, "Har yanzu ba su aiko ba?" Ya rame ƙwarai, zoben aurensa ya koma babban yatsa.

Sauran giyar tana nan, ta fi rabin tulu. Bayan na ɗiba na kori iskar da ta shiga samanta da ɗan gas don kada ta yi tsami, iyakar laifina ke nan, in laifi ne. Ban san abin da zan yi da ita ba.

Jorunn

*

Tromsø, Yuni

Baffa,

Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Na kira waya, Inna ta ce ka fita, ta ce kwanan nan ba ka magana da kowa. In maganata ce ta yi zafi, ka yafe mini. In maganar Baba ce, ka tuna ba ya cikin hayyacinsa. Giyarka ba ta da aibi, ni na sha na sani.

Yanzu barcinsa ya fi farkawarsa yawa. Ko layi ɗaya ne ka rubuto.

Jorunn

*

Hornindal, Yuni

'Yata Jorunn,

Muna lafiya. Ba fushi nake da ke ba, ni ne ma zan ce ki yafe mini. Na zarge ki a banza.

Maganar Torleiv ta tsaya mini a wuya, ba zan ɓoye ba. A ce giyata ta mutu, kuma ƙanena ne ya faɗa. Kwana da kwanaki ina yawo a gona ina faɗa da shi a zuci. Sai ranar Lahadi muna shan kofi Aslaug ta ce, "Kai dai kana ta kumburi. Ka taɓa tambayar kanka a ina yaron ya sha giyar?"

Na ajiye kofin na fara tuna baya.

A gidanmu yaro ba ya zama da manya ranar ɗanɗana giya, ba ya sha a biki, ba ya sha ranar Kirsimeti sai dai a tsoma masa yatsa. Ni na girme shi da shekara biyar, na riga na shiga sahun manya kafin ya tafi. Shi bai taɓa shiga ba. Wuri ɗaya ne kawai giya ke zuwa hannunsa. Lokacin yankan ciyawa, mu maza muna can rugar kan dutse da laujuna tun asuba, shi ake bari a gida ya biyo mu da abinci. Mahaifiyarmu takan ɗura giyar a wata 'yar ganga ta katako tun ba ta gama nuna ba, don ba a jira, ta buga matoshi da guduma, a ɗaure wa goɗiya a baya. Hanyar nan kin san ta, duk duwatsu ce. Gangar tana ta jijjiga, rana tana dukanta, giyar tana ci gaba da aikinta a ciki ba ta da mafita. Kafin ya iso ta zama mahaukaciya. In aka zare matoshi sai ta yi tsiri, mu manya mu ja da baya muna tsaki, mu jira ta huce. Kumfar nan a wurinmu asara ce. Babanmu yakan ce, "Bar wa yaro." Sai Torleiv ya durƙusa ya tara baki.

Jorunn, hankalin babanki ƙalau yake a kan wannan magana. Gida ɗaya muka tashi, tukunya ɗaya, amma ba giya ɗaya muka sha ba. Wadda na aika masa ita ce ake zuba wa manya a zaune, kuma shi ya fi ganinta a gidan makoki, yana leƙe daga bakin ƙofa. Shi ya sa ya tambaye ki wa ya mutu. Ni duk tsawon rayuwata na ɗauka abin da na sani shi ne gidanmu.

Babu lokacin sake dafawa, kuma goɗiya ba ta zuwa Tromsø. Don haka ga abin da ban taɓa zaton hannuna zai rubuta ba: ki ɗauko tukunyar gas ɗin nan taki ki ba ta iska, ki ba ta da yawa. Ke kika san yadda ake yi. Amma ki ajiye taki ƙa'idar ke ma. Kada ki bar ta ta huta, kada ki kai ta da sanyi, kada ki tace lakar. Ki jijjiga ta, ki bar ta ta sha rana, ki buɗe ta a gabansa. Akushin ma ki bar shi a gida.

Ki yi sauri.

Baffanki,
Ragnvald

*

Tromsø, ƙarshen Yuni

Baffa,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna, kuma ka ce mata na sara mata.

Ranar da takardarka ta zo na yi. Na haɗa tulun da gas tun yana da sanyi, don a sanyi ta fi shan iska, na buɗe fiye da yadda na taɓa buɗe wa tawa. Na kwantar da shi a ƙasa ina mirgina shi da ƙafa, gaba da baya, ina jin iskar tana shiga tana gurnani, har cinyata ta gaji. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, "Jorunn, sabon motsa jiki ne?" Na ce mata umarnin likita ne daga Hornindal. Daga nan na jingina shi a bango ya sha rana, na ari mota na jefa shi a baya ba ɗauri, na bi tsohuwar hanyar bakin teku mai ramuka. Duk abin da na sani game da giya yana ce mini ina ɓarna.

Na tarar da shi a farke. Ma'aikaciyar ta taya ni muka turo kekensa baranda, ta shimfiɗa masa tawul a ƙirji, ta ce ita ba ta ga komai ba. Na ajiye tulun a gabansa na matsa bakin tiyo.

Baffa, ta yi tsiri. Ta wanke mini riga, ta wanke tagar, ta zubo masa a gwiwa. Ina ƙoƙarin tarewa da kofi sai na ga ya sunkuyo. Mutumin da sai an ɗaga masa kai yake shan ruwa, shi ne ya tara hannu biyu yana kai kumfa baki, tana bin gemunsa. Ta shiga masa hanci ya yi atishawa, sai ya yi dariya. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin ciwon.

Ya ce, "Yauwa. Ita ce."

Bai sha da yawa ba, kumfa ce kusan duka. Ya jingina yana lasar leɓe, yana kallon duwatsun tsallaken ruwa. Can ya kamo hannuna, ya waiga hagu da dama, ya rage murya. Ban san wa ya ɗauke ni ba. Ya ce, "Mayar da matoshin da kyau, ki buga da dutse. A nan bakin rafi kullum nake tsayawa in rage mata. Kada ki faɗa wa Ragnvald."

Na yi masa alkawari, ga shi na karya, don na ga haƙƙinka ne ka ji. Tun ranar bai ƙara tambayar giyar gida ba. Barci yake yi mai daɗi, likita ta ce kada in yi nisa. Ina baƙin ciki, amma hankalina a kwance yake.

'Yarka,
Jorunn

*

Hornindal, farkon Yuli

'Yata,

Muna lafiya. An fara yankan ciyawa, ni dai kallo nake yi daga bakin rumbu.

Aslaug ce ta karanta mini takardarki, don idona ya ƙi. Da ta zo wurin bakin rafi na ce ta maimaita.

Akwai abin da ba ki sani ba. 'Yar gangar nan ni na yi ta, ita ce aikin katakona na farko. Kuma duk ranar da ta iso ruga sai a tarar ta ragu. Babanmu yakan ɗaga ta ya jijjiga a kunne, ya dube ni a gaban mutane ya ce, "Gangar Ragnvald ta sake shayar da hanya." Na kwance ta na sake ɗaurewa, na jiƙa ta a rafi, na toshe da kitse, a banza. Har na haƙura na ce hannuna ba na ganga ba ne, ban sake yin wata ba. Shi kuwa ɓarawon yana tsaye riƙe da linzami, fuska kamar ta mala'ika.

Na yi dariya har Aslaug ta kawo mini ruwa. Daga baya na fita na zauna a bayan rumbu ni kaɗai, abin da na yi a can ba dariya ba ce.

Ki zauna kusa da shi. In ya farka ya tambaye ki, ki ce ba ki faɗa mini komai ba. Ki ce masa dai Ragnvald yana gaishe shi, ya ce a yi haƙuri da gangar, har yau bai gano inda take yoyo ba.

Baffanki,
Ragnvald